Ɗakin Da Bai Ɗauki Keken Ɗinki Ba

Ɗakin da ke jikin nawa ya shekara ba mai haya sai ƙadangaru. Rannan sai ga malamin makaranta da budurwarsa, wata tela, dillali na gaba da makulli. Na jawo kujera, don kallon kyauta ba ya wuce ni.

Ta zare tef daga wuya, ta auna bango, ta sake aunawa. Malam kuwa ya ƙura wa rufi ido.

"Gado zai shiga," in ji ta. "Kekena fa?"

"Ɗaki goma muka duba, wannan kaɗai albashina zai iya," in ji Malam. "Ko za ki sayar da shi?"

Na ce, "Amarya, ku rataye shi a sama mana." Ba wanda ya yi dariya.

Ta juya wajen saurayinta. "Malam, da keken nan nake ciyar da ƙannena. Nemi wadda ba ta da shi."

Ta fita ba waiwaye. Dillali ya karkaɗa makulli. "To, za ku kama?"

Malam ya miƙa hannu a hankali. "Kawo. Ai zai ishi mutum ɗaya."