Koren Ɗigo a Bangon Filin Wasa

Ga misali ga masu rabon yabo, in suna da kunnen ji.

An yi wata mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon mata ta wani gari. Ta shiga tsakanin turaku tun tana budurwa, ba ta fito ba sai da furfura ta fara leƙo mata a gefen kai. Da wannan sana'a take ci, da ita take sha. Ƙungiyarsu mai ƙarfi ce, don haka yawancin wasa a can bakin ragar abokan karawa ake yin sa, ita kuwa tana nan ita kaɗai kamar mai gadin gona, tana hangen 'yan'uwanta sun zama ƙanana a cikin hasken la'asar. A wannan doguwar tsayuwa ta san yadda inuwar raga take rarrafe a kan ciyawa, da yadda balbelu suke sauka a bayanta su yi kiwo ba tsoro. Ihun 'yan kallo ma a makare yake iso mata, kamar ƙugin hadarin da ya sauka a wani gari. Sai kuma farat ɗaya duniya ta juyo kanta. Ƙwallo ta taho kamar kibiya, ta tare da hannu, ta tare da ƙirji, wata rana da fuska. Ta faɗa ƙarƙashin takalma masu ƙusoshi, ta tashi ta karkaɗe ƙasa, ta jefa wa 'yan'uwanta ƙwallon su koma. In ta lumshe ido takan ga duk ƙwallayen da ta hana shiga sun taru a sama kamar fararen tantabaru, suna shawagi a kan garin, ba mai ɗaga kai ya gan su sai ita.

Mahaifiyarta ba ta taɓa taka filin ba, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. A tsakar gida take zama da rediyo da carbi, in 'yar ta dawo ta gasa mata haƙarƙari da ruwan zafi, ta shafe mata gwiwa da man kaɗanya. Ciwon kawai ta sani, ba ta taɓa ganin aikin da ido ba. Wannan abu ya daɗe yana cin mai tsaron ragar. A shekarar da za ta ajiye safar hannu suka kai wasan ƙarshe na cin kofi. Suka jefa ƙwallo ɗaya tun da wuri, daga nan abokan karawa suka yi mata ruwan ƙwallaye har alƙalin wasa ya hura usur, ko ɗaya ba ta wuce ta ba. Shugaban ƙungiya ya ce za a zana 'yan wasa a bangon ƙofar fili don na baya su gani. Ta koma gida da leɓe a fashe tana murmushi, ta ce, "Inna, wannan karon za ki gan ni. Ba sai kin shiga ciki ba, a bango za a sa mu."

To, masu ɗaukar hoton ƙungiyar suna da al'adarsu. Kullum a bayan ragar abokan karawa suke kafa kayansu, domin can ake cin ƙwallo, can ake tsalle da rungume juna. In an dawo hutun rabin lokaci aka sauya gida, su ma su kwashi kaya su sauya. Ko a ranar kofin, can suka zauna suna jiran ƙwallo ta biyu. Shugaba kuma ya ce ba ya son hoton da aka jeru kamar 'yan makaranta, na murna yake so. Hotunan murnar nan aka tattara aka ba mai zane, shi kuwa abin da aka ba shi ya zana.

Ranar da aka yaye ƙyallen da ya rufe bangon, tsohuwar tata ta ɗauro sabon zane ta zo. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya: ga 'yan gaba a sama kamar za su tashi, ga shugaba a tsakiya ya fi kowa girma, ya rungume kofi, babbar rigarsa ko ƙura babu. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan mai tumbin wace lamba yake bugawa?" 'Yar ta ce, "Inna, shugaba ne." Tsohuwa ta ce, "To, shi na gan shi. Ke fa?" Mai tsaron raga ta bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta sake dawowa. Can tsakanin kafaɗun mutum biyu, a nesa, ta hango wani koren ɗigo bai fi ƙwayar wake ba, kalar rigarta. Ta ɗora yatsa a kai don ta nuna, yatsan ya rufe shi duka. Tsohuwa ta matso, ta kanne ido, ta daɗe tana duba. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "Mu je gida, rana ta yi zafi."

Bangon yana nan tsaye, mai zanen yana raye, fenti kuma bai ƙare a kasuwa ba. Wanda ya sa aka zana shi ne ya kamata ya sa a gyara, tun tsohuwar tana da sauran gani. Kafin nan dai magana ɗaya ce, wadda Hausawa suka riga mu faɗa: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.