Tsohon Jirgin Safe

Tsohon ya sake saukowa daga jirgin safe, Kafinta kuwa ya hango shi tun bai ƙetare gadar tasha ba. Ya ajiye zarto ya yi tsaki.

Tun da aka faɗaɗa tashar, unguwar ba ta sake samun barci mai daɗi ba. Da jirgi ɗaya ke tsayawa a wuni, yanzu ma'aikatan birni ne ke cika taragai safe da yamma, kowa na neman haya kusa da dogo. Wani kamfani ya saye hayin gabas ya jera benaye masu gilashi, sannan ya juyo kan layin shagunan yamma, inda Kafinta ya gaji shago daga mahaifinsa. Kamfani ya ce filin na tasha ne. 'Yan layi suka ce ƙarya ne, aka tafi kotu.

Kafinta ne bakinsu. Duk taron da aka yi sai ya bugi ƙirji ya ce lokacin da ubansa ya zo tare da masu shimfiɗa dogo, wurin nan daji ne, ko kaza babu, shi ya sare ya gina. Ya faɗa wa lauya, ya faɗa wa alƙali, ya faɗa wa matarsa har ta haddace, in tari ya sarƙe shi ita ke ƙarasa masa. A kan wannan magana shari'ar ta tsaya. In ta rushe, shago ya tafi, har da ɗakunan bayansa inda iyalinsa ke kwana.

Ana cikin haka tsohon nan ya ɓullo. Siriri ne, rigarsa wankakkiya mai faci a kafaɗa, ba jaka ba takarda. Ranar farko ya yi sallama a ƙofar shago. Kafinta ya dube shi sama da ƙasa ya ci gaba da buga ƙusarsa, don a kwanakin nan duk baƙuwar fuska ta kamfani ce sai ta wanke kanta. Tun daga nan tsohon bai sake yi wa kowa magana a layin ba.

Kullum hanyarsa ɗaya. Yakan fara daga tsohuwar rijiyar da aka toshe a bayan tasha, ya taka a hankali, ya karkata ta wajen wani kututture da babu wanda ya san bishiyar mece ce, ya zo ya tsaya jikin bangon shagon. A nan sai ya cire takalmansa, ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na motsi. Ya jima, ya maida takalma, ya bi jirgin rana.

Kafinta ya ce lissafi yake yi. Ya ce kamfani ya gane ma'aikatansa masu hular kwano jifa suke sha a layin, shi ne ya turo mai furfura ya auna musu da ƙafa. Matarsa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai awo da ba ya rubutawa ba, ta ce ko ruwa ne a miƙa wa bawan Allah. Ya ce ranar da ta miƙa, ta bi shi jirgin.

Mai Faci, maƙwabcinsa mai gyaran taya, shi ya ƙara rura wutar. Ya ce da idonsa ya ga tsohon a hayin gabas yana leƙen ramin harsashin sabon bene, har yana tambayar direban motar haƙa iya zurfin da suke kaiwa. Tsoro Kafinta yake ji, tsoro na gaske, amma da yake bai saba faɗin hakan ba, sai abin ya koma masa fushi. Abinci ya daina shiga, ya ɓata ƙofar wani da ya ba shi aiki, 'ya'yansa suka koyi ratse masa hanya.

Da safen nan kuwa ya tashi ya tarar an ajiye motar haƙa a bakin layin, hancinta na kallon shagunan. Ga tsohon kuma tafe, daga rijiya zuwa kututture.

Ya bari sai da tsohon ya cire takalma, sannan ya fito da guduma a hannu. Ya suri takalman ya wurga su kan dogo, ya shaƙe wuyan rigar, ya haɗa tsohon da bango. 'Yan layi suka zagaye su, masu jiran jirgi suka leƙo daga gada. Babu wanda ya ce a bari. Matarsa ce kaɗai ta fito da gudu ta rataye a hannun da ke riƙe da gudumar.

"Tsohon banza, ko furfurarka ba ka jin kunya? Faɗa mini abin da kake ƙirgawa a jikin bangona, ko ka koma musu a kan gadon asibiti."

Tsohon bai yi kokawa ba. Ya jira numfashinsa ya dawo, sannan ya ce shi ba ya yi wa kowa aiki, ba shago yake so ba, ba fili ba. Ya ce ya san mahaifin Kafinta sarai, dogon mutum mai tabo a haɓa, wanda ba ya magana sau biyu. Ya ce shekara da shekaru ya haƙura bai waiwayo nan ba, sai da ya ji an ce motoci za su haƙa wurin, shi ne zama ya gagare shi.

Hannun Kafinta ya sassauta, don tabon nan ko hoto bai taɓa ɗaukarsa ba. Tsohon ya gyara wuyan rigarsa, ya dafa bangon da tafin hannu.

"Ba ƙirga nake ba, ɗana, addu'a nake yi. Gidanmu ne nan kafin mahaifinka ya kore mu, kuma mahaifiyata tana kwance ƙarƙashin bangon nan."