Motar Babban Abokin Ango

Tasi'u, ajiye wayar nan tukuna. Na ga hoton motar, kuma ban ce kada ka saya ba. Tsohuwar motar tsere in ta samu mai hannu tashi take yi, na gani da idona. Amma bari in ba ka wani misali kafin ka koma wajen dillalin.

An yi wani mai walda, gwani na gaske, irin wanda in ya kalli ƙarfe ya san inda zai tsage. Wata rana ya je neman ƙarafa wajen 'yan gwangwan, sai ya tarar da wata tsohuwar motar tsere a yashe, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Tayoyi sun sace, kaji sun mai da ita akurki. Aka yi masa araha kamar kyauta, ya sa aka jawo ta da igiya har ƙofar shagonsa. A daidai lokacin kuwa an sa ranar auren amininsa, bayan damina, kuma shi ne babban abokin ango. Ka dai san kawo motar ɗaukar amarya a wuyan babban aboki yake. Sai gogan ya bugi ƙirji a majalisa, ya ce kada wanda ya wahalar da kansa neman motar amarya, a wannan za a kai ta, kuma sai an shekara ana labarin a garin. Aka yi ta masa dariya, shi ko a jikinsa. Kuma maganar gaskiya, bawan Allah bai yi wasa ba. Bai fara da fenti ba kamar yadda masu gaggawa ke yi, inji ya fara saukewa. Ya bi makanikai yana tambaya, ya tambayi mai wayarin, ya tambayi mai gyaran giya, ya yi tattaki har wani gari saboda lagireto kawai, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji. Duk inda tsatsa ta ci ya yanke ya dasa sabon ƙarfe da hannunsa. Zaman majalisa ma ya gagare shi. Kafin a girbe gero mota ta tashi. Ya fesa mata jan fenti, in ya taka totur sai ka ji tagogin unguwa na amsawa. Masu dariyar jiya suka koma roƙon ya ɗan zagaya da su.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, sauran motocin abokai suka cika maƙil da 'yan rakiya suka yi gaba. Shi kuwa ya tsaya a ƙofar gidan su amarya, ya sha babbar riga, yana goge gilashi da hankici. Aka fito da amarya a lulluɓe tana kuka, gwaggonta, yayar mahaifinta, na riƙe da hannunta, babbar ƙawarta na biye. Gwaggo ta leƙa cikin motar, ta zagaya tana neman ƙofar baya, ba ta samu ba. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ni a ina zan zauna? Ko a kan rufin za ka ɗaure ni?" Kai ma ka sani, amarya ba a kai ta ita kaɗai. Gwaggo a dama, ƙawa a hagu, ita a tsakiya, balle a ce a zaunar da ita a gaba kafaɗa da kafaɗa da namijin da ba mijinta ba. Mai walda ya yi magiya, ya ce tafiyar ba nisa. Gwaggo ta ce ko nan da bakin titi ne 'yarta ba ta shiga. Rana na shirin faɗuwa, babu wata mota a layin, sai ga wani mai adaidaita sahu ya sauke fasinja. Kujerar bayansa mutum uku take ɗauka, cif. A ciki aka sa amarya. Motar da aka yi don ta tsere wa iska ta bi bayan adaidaita tana rarrafe a giya ɗaya, inji na ɗaukar zafi, kujerar gefe ba kowa.

A ƙofar gidan ango mata sun yi dafifi suna jiran jar motar da aka cika musu kunne da ita. Suna hango ta suka ɗauki guɗa suka yi kanta, suka buɗe ƙofa, sai mai walda shi kaɗai yana fama da babbar riga. Guɗar ta mutu a bakinsu. Amarya kuwa ta sauko daga adaidaita ba wanda ya tare ta. Wallahi mutumin nan ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba shi kaɗai ya sha ta ba. Ango ya daɗe bai iya haɗa ido da surukansa ba, matar kuma har ta yi 'ya'ya matan unguwa na ce mata amaryar adaidaita.

Motar ba ta da laifi, aikinsa ma ba a kushe shi. Ya tambayi kowa yadda za ta tashi, amma bai tambayi kowa wa za ta ɗauka ba, alhali mahaifiyarsa na cikin gida, da kalma ɗaya za ta raba shi da wannan abin kunya. Saboda haka ka saya in ranka na so, Tasi'u, amma ka fara shiga gida ka ji ta bakin waɗanda za su hau. Hausawa sun gama magana da suka ce matambayi ba ya ɓata.