Abin da Auwalu Ya Sha

Haƙorin Alhassan mai kemis ya riga shi isa ƙasa. Maccido ya ɗago shi da wuyan riga, ya jingina shi da kantar magunguna, ya sake tambaya a karo na uku.

"Mi ka ba ɗana?"

Alhassan, da ɗan bakin da ya rage masa, ya rantse rabon da Auwalu ya tako shagon nan tun yana firamare. Maccido ya duba idonsa ya ga kamar gaskiya yake faɗi, amma tunda hannu ya riga ya tashi, sai ya ƙara masa ɗaya.

Abin ya faro ne jiya da hantsi a Shinkafi. Sabuwar jiha tana neman matasan 'yan kokawa da za su fito mata, Zurmi kuwa ta tura Auwalu, ɗan shekara goma sha shida. Sati uku yaron yana jan ƙafa saboda gwiwar da ya gurɗe a wajen horo, amma ran nan ya shiga fili kamar ɗan maraƙi. Ya ka da mutum biyu. A na uku, wani ƙaton yaro ya harɗe shi, gwiwar ta lanƙwashe ta wajen da Allah bai yi ta don ta lanƙwashe ba. Har makaɗa sun ji ƙarar.

Auwalu ya miƙe ya ci gaba da kokawa a kanta, ko yamutsa fuska bai yi ba. Jama'a na cikin jinjina masa sai ya durƙusa, ya amayo jini, ya kife.

A asibitin Kaura likita ya ce gwiwa mai sauƙi ce. Abin tsoron shi ne ciki da ƙoda. Yaron ya haɗiyi wani maganin kashe zafi mai ƙarfin gaske, kuma in ba a san ko wane iri ne da yawan da ya sha ba, lalube kawai za a yi, lokacin lalube kuma bai wuce yini ba. Auwalu bai san inda kansa yake ba balle a tambaye shi.

Maccido dillalin shanu ne a kasuwar Moriki. An san shi da nauyin hannu, an kuma san bijimansa ba su taɓa ba shi kunya gaban mai saye ba. Bai yi kuka ba. Ya ɗauki gora ya hau babur.

Ya fara da Namadi, tsohon ɗan kokawar da ke horar da yaran, ya same shi a gona a Dauran yana ɗaurin dawa. Gora ta farko ta sauka a kafaɗa, ta biyu a ƙauri. Ya ja shi ta cikin kututturan kara har rigar ta rabu da shi. Namadi yana tofar da ƙasa ya ce shi ma cewa ya yi yaron ya huta wata biyu, kuma ban da man shanu da ruwan zafi bai taɓa sa masa komai ba. Daga nan ne Maccido ya wuce Zurmi wajen Alhassan.

Mutane suka taru a ƙofar kemis. Wani dattijo ya tuna masa cewa zamani ya canza, yanzu Shari'a ake yi, wanda ya cire haƙori to nasa yana hannun alƙali. Maccido ya ce yana da talatin da biyu, a zaɓa. Sannan ya ɗaga gorar ya rantse, kowa yana ji, cewa duk wanda ya kawo maganin nan, ko ɗan uban wane ne, sai ya kai shi gaban alƙali ya nemi ƙisasi, in alƙali ya yi nawa kuma shi zai ƙarasa aikin.

Ya komo Kaura bayan la'asar, babu sunan magani, sai jinin mutane a hannun riga. A barandar asibiti ya tarar da mahaifiyarsa, Hajiya, zaune kan tabarma ta miƙe ƙafafu, don shekara biyar ke nan gwiwoyinta sun daina yarda da ita. Ta dubi rigar, ta dube shi.

"Wa ka kashe?"

"Ban same shi ba tukuna, Hajiya."

"To aje sandar, wanga haukan ya isa. Sai yanzu aka gaya min abin da likita ka nema." Ta kwance bakin zane, ta fito da ƙullin leda cike da farin ɓallin ƙwayoyi. "Ni na ba shi. Maganin gwiwar nan ne da kake karɓo min wurin babban likita a Gusau. Ni ban sha, kayan Bature bai karɓe ni ba, tarawa nike don kar ka ji ba daɗi. Na ga ɗan nan na ɗingishi ga kokawa ta matso, na ce ya riƙa shan huɗu da safe, huɗu da marece."

Likita ya fito, ya karɓi ledar, ya juya ɓalli ɗaya a tafin hannu, ya nemi rubutu bai gani ba. Ya ce alhamdu lillahi, abu ya zo da sauƙi, Maccido ya faɗi sunan likitan na Gusau a kira shi yanzu.

Gorar ta zame daga hannun Maccido. Babu wani likita a Gusau. Ƙwayar da yake ɗura wa gurgun bijimi ce ran kasuwa da safe don ya taka daidai har a sallama wa mai saye, yakan dai ɓalla ta gida huɗu, tunda Hajiya ba ta kai sa nauyi ba.