Fitilar Lantana

Tun da aka ƙera fitilar da ke kamawa idan wani ya ambace ka a addu'a, kowane gida ya saya. Ta Lantana kuwa sai ranar Lahadi da hantsi take haske. Ta kai wa Tanimu mai gyara.

"Lafiyarta ƙalau, Inna," in ji shi. "Daga coci ake ambaton sunanki."

Lantana ta dubi fitilar. Marigayi mijinta ne ya jagoranci ƙona cocin unguwarsu lokacin rikici.

"Alheri ake roƙa mini ko sakayya?"

"Fitila ba ta bambancewa."

Ran Lahadi ta tsaya a ƙofar cocin, hasken fitilar yana keto mayafinta. Wata tsohuwa mai tabon ƙuna a fuska ta fito, ta kama hannunta.

"Ashe addu'ata tana isowa," in ji tsohuwar.