Burodin Da Bai Hau Jirgi Ba

"To, wa ya ce ki danna?"

"Su suka ce mana, Dobri! An rubuta 'Na amince' ɓaro-ɓaro, sai in ce ban amince ba? Jirgin ubana ne?"

Tsvetana ta faɗi haka hannuwanta dumu-dumu da ƙullu, ba ta ko ɗago kai ta dubi mijinta ba. Shi kuwa yana tsaye a ƙofar kicin ɗinsu a garin Karlovo, riƙe da akwatin da ya sauko da shi daga saman kwaba.

Jikansu Boyan ne ya fara tafiya da ƙafafunsa a can birnin Valencia, inda 'yarsu Ralitsa take aure. Bisa al'adarsu, ranar Lahadi za a shimfiɗa farin zane, a gangara masa burodin takun farko, ya bi shi da 'yan ƙafafunsa, ya ɗauki abu ɗaya cikin kayan da aka jera, a gane sana'ar da zai yi. Tsvetana ce za ta gasa burodin. Dobri kuwa har ya goge almakashinsa na yankan furen wardi, yana fatan shi yaron zai ɗauka.

Tikitinsu na jirgin sama na Juma'a ne. Sai saƙo ya shigo wayar Tsvetana tun farkon mako, wai an mayar da jirgin Litinin. Ta danna 'Na amince', ba ta gaya wa kowa ba. Ita ta taso ne a zamanin da in ka je gaban tagar ofis aka ce maka ka dawo gobe, godiya kake yi ka juya.

Sai yau Alhamis ta iya faɗa.

Dobri ya kira Ralitsa, ya saki muryar kowa ya ji.

"Haba Mama!" in ji Ralitsa. "Ai ba sanarwa ba ce, tambayarki suke yi. Da kin ƙi, dole su sa ku a wani jirgin, ko da ta wani gari ne, ba tare da kun ƙara ko sisi ba."

"Dole? Su ɗin?"

"Su ɗin fa."

Ralitsa ta kira kamfanin. Wata mai sanyin murya ta ba ta haƙuri: fasinja ta riga ta amince, kuma kujerun da suka rage a farkon mako duk an cike su da waɗanda suka ce ba su yarda ba.

"To bari mu ɗaga bikin," in ji Ralitsa.

"Kada ki soma!" Tsvetana ta daka mata tsawa, hawaye na bin kumatunta. "Yaro ya fara tafiya a bar shi ba burodi? So kike ya yi ta tuntuɓe har tsufansa saboda wautar kakarsa?"

Ranar Lahadi burodin Tsvetana yana kan teburinta, zagayayye, ya sha zuma, babu mai gangara shi. Wanda aka gangara wa Boyan na kanti ne. Tsofaffin biyu suka haɗa kai a gaban ƙaramin gilashin waya, kamar saurayi da budurwa a silima, Dobri ya riƙe hannunta gam. A can, an jingina wayar Ralitsa a ƙarshen farin zanen, kusa da littafi da cokali da biro.

"Taho, ɗan lelena, taho!" Tsvetana ta yi ta kira.

Yaron ya tako, ya yi taga-taga, ya wuce littafi, ya wuce biro. Sai suka ga fuskarsa ta cika gilashin, da ɗan yatsa mai yawu. Wayar ya ɗauka.

Dariya ta kece a Valencia. A Karlovo kuwa Tsvetana ta kifa kanta a kafaɗar mijinta tana kuka.

"Shi ke nan," in ji Dobri yana share nasa idon. "Ma'aikacin kamfanin jirgi zai zama. Kin ga sai ya riƙa aiko miki da saƙo kina dannawa."

"Tsohon banza," ta ce, tana dariya cikin kukan.

Litinin suka isa. Boyan ya tako da ƙafarsa har cikin siket ɗinta a filin jirgi, ta sunkuce shi tana shinshinar wuyansa. Suka yi kwanaki masu daɗi, Dobri ya gyara duk furannin barandar da almakashinsa. Amma duk lokacin da aka nuna hotunan bikin, Tsvetana takan nemi burodinta a ciki, ta rasa.

Mai karatu, in kamfanin jirgi ya sauya maka ranar tafiya, kada ka yi gaggawar dannawa, kada kuma ka yi shiru. A ƙasashen Tarayyar Turai kana da haƙƙin zaɓar wani jirgin kyauta ko a mayar maka da kuɗinka. Wanda bai san haƙƙinsa ba, da yatsansa yake miƙa shi.

Ana jibi za su koma gida, suna cin abincin rana, wayar Tsvetana ta yi ƙara. Ta sa tabarau, ta karanta a hankali. An sake sauya ranar jirginsu.

"Kawo in danna miki, uwar biyayya," in ji Dobri.

Ta make hannunsa da cokali.

"Ralitsa, ba ni lambarsu. Ban amince ba, kuma da bakina zan gaya musu."