Matata Ta Yi Funfuna

Injiniya na shigowa gida ya tarar da uwargida zaune bisa akwatin kayanta, riƙe da wayar da ya manta. Yayanta na gefe yana huci.

"Karanta mu ji," in ji yayan.

Uwargida ta nuna masa fuskar wayar, Injiniya ya karanta saƙon da ya tura wa ogansa: "Matata ta tsufa, ta tara datti, har ta yi funfuna. Gobe zan yanka ta in kai gwaji, sauran a jefar."

Ya kece da dariya har da riƙe ciki. "Haba Yaya! Matatar iska ce fa, ragar na'urar sanyaya ofis. Ƙurar da ta tare muke aunawa, mu san yawan funfunar da ma'aikata ke shaƙa. Rubutun ne kawai ya zo ɗaya."

Yayan ya sosa ƙeya, ya zura takalmansa. Injiniya ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙa hannu zai karɓi wayar.

Uwargida ta janye. "Madalla. Saura saƙon jiya: 'Matata ta hana ni barci da minshari.' Ita ma ragar ce?"

Yayan ya sake cire takalmansa.